Masoyan Star Trek da Marubutansa: Tarihin Wata Doguwar Taƙaddama

A ƙarshen shekarar 1967 raɗe-raɗi ya bazu a Amurka cewa tashar NBC za ta dakatar da Star Trek. Shirin bai daɗe ba a lokacin, domin ranar 8 ga Satumba, 1966 aka fara nuna shi. Ƙagaggen labarin kimiyya ne game da wani kumbo mai suna Enterprise, wanda ke yawo tsakanin taurari a ƙarni na 23 ƙarƙashin Kyaftin Kirk da mataimakinsa Spock mai tsinin kunnuwa, wanda uwarsa 'yar Adam ce, ubansa kuma mutumin wata duniya da ake kira Vulcan. Yawan masu kallo bai gamsar da tashar ba. Sai dai 'yan kaɗan ɗin da ke kallon ba irin masu kashe akwati su manta ba ne. Da yawansu ɗalibai ne da injiniyoyi da malaman makaranta, mutanen da alƙalami bai yi musu nauyi ba.

Wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John ne suka ja ragamar gangamin ceto shirin. Sun shawarci jama'a da kowa ya rubuta tasa wasiƙar cikin ladabi, kada kuma a sa sunan shirin a bayan ambulan, don kada ma'aikatan tashar su tura ta ofishin masu shiryawa ba tare da manya sun gani ba. Tsakanin Disamba da Maris wasiƙu sama da 100,000 suka shiga NBC. A watan Janairun 1968 ɗaliban jami'ar Caltech sama da 200 suka yi tattaki zuwa harabar tashar da ke Burbank ɗauke da kwalaye. Ranar 1 ga Maris tashar ta yi abin da ba a saba gani ba, ta sanar da masu kallo a ƙarshen kashin wannan daren cewa shirin zai dawo a zango na uku.

Tun daga ranar masoyan suka ɗauki wani ra'ayi da har yau bai sake su ba: shirin nan nasu ne, tunda su suka ceto shi, kamfani riƙo kawai yake yi musu. Wanda ya ɗauki abu nasa ne kuwa ba ya yin shiru idan ya ga ana wasa da shi. Duk sa-in-sar da ta biyo baya tsakaninsu da marubuta, shekara sama da hamsin, daga nan ta samo tushe.

Abin da suka ceto ɗin ya cancanci ceto. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya jawo fitattun marubutan ƙagaggen labarin kimiyya na zamanin, irin su Theodore Sturgeon da Richard Matheson da Harlan Ellison. A cikin gida kuma akwai mutum biyu da suka riƙe aikin yau da kullum. Ɗaya shi ne Gene L. Coon, wanda ya ƙago al'ummar Klingon, abokan gābar jaruman. Ɗayar ita ce Dorothy Fontana, wadda ke sa hannu da D.C. Fontana saboda a lokacin ba a cika ba mace irin wannan aiki ba, ita ce kuma ta gina yawancin abin da aka sani game da gidan su Spock. Su biyun ne ke tace rubutun da ya shigo, su tabbatar kowane jarumi ya yi magana da muryarsa.

Kafin zango na uku ya fara, duk su biyun sun bar kujerunsu. An yi wa Roddenberry alkawarin farkon daren Litinin, sai aka jefa shirin ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasa suke waje. Ya yi fushi ya janye hannunsa daga aikin kullum, aka kawo Fred Freiberger ya zama furodusa, aka kuma rage kuɗin kowane kashi alhali albashin jarumai ya ƙaru. Ranar 20 ga Satumba, 1968 masoyan da suka sha wahalar rubuta wasiƙu suka zauna gaban akwati don karɓar ladansu, sai aka nuna musu "Spock's Brain".

Ga yadda labarin yake. Wata mace ta bayyana a cikin kumbon, ta sumar da kowa, ta cire ƙwaƙwalwar Spock ta gudu da ita. Likitan kumbon, McCoy, ya kafa wa gangar jikin wata na'ura a ka, ana danna rimot tana tafiya, aka sauka da ita wata duniya neman ƙwaƙwalwar. Can aka tarar mazauna wani birni na ƙarƙashin ƙasa sun ɗora ta a kan aikin sarrafa iska da ruwa da wutar garinsu. Don ya iya mayar da ita, likitan ya kifa wata hular ƙarfe da ke cusa ilimi a ka, amma ilimin ya fara zubewa ana tsakiyar tiyata. Sai ya haɗa jijiyar maganar Spock, shi kuma mara lafiyan, da kansa a buɗe, ya riƙa gaya wa likita jijiyar da zai haɗa da wace. Ya tashi ko gashin kansa bai hargitse ba. Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, ya faɗa daga baya cewa da kunya ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe. Abin mamakin shi ne Gene Coon ɗin nan ne ya rubuta labarin, da sunan aro Lee Cronin. Ita ma Fontana da ta ga yadda aka jagwalgwala wasu labaranta a wannan zango, sai ta cire sunanta ta sa na aro. Murna ta koma ciki. A watan Yunin 1969 aka nuna kashi na 79, wanda shi ne na ƙarshe, ana saura makonni kaɗan 'yan sama jannatin Amurka su taka wata.

Mutuwar shirin ce ta raya shi. Ƙananan tashoshi suka sayi tsofaffin kashe-kashen suna maimaitawa kowace yamma, yaran da suka taso a shekarun 1970 suka kalli kowanne har suka haddace. Wanda ya kalli abu sau goma kuwa dole ya ga inda aka yi tuntuɓe. A watan Janairun 1972 aka yi babban taron masoya a birnin New York, mutane suka zo da dubbai. Ƙananan mujallu da masoyan ke bugawa da kuɗinsu suka yawaita, cike da labaran da suka ƙaga da kansu da kuma sharhi. A kan junansu ma suka fara wasa wuƙar suka. A 1973 Paula Smith ta rubuta wani gajeren labarin shaguɓe game da wata yarinya mai suna Mary Sue, 'yar shekara goma sha biyar da rabi, wadda ta fi kowa ilimi a kumbon, kowa na sonta, ita ke ceton kowa. Tana zolayar 'yan'uwanta ne masu cusa kansu cikin labari a matsayin gwanayen da ba su da aibu. Wannan suna ya zama sandar da aka riƙa dukan ƙwararrun marubuta da ita daga baya, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci da son zuciya.

Bayan finafinan silima da aka fara a 1979, shirin ya dawo talabijin a watan Satumban 1987 da sababbin jarumai, da sunan The Next Generation. Tun kafin a nuna kashi ɗaya wasu tsofaffin masoya suka yi tsalle suka dire, wai babu Star Trek in babu Kirk da Spock, kuma wane ne wannan Baturen Ingila mai sanƙo, Patrick Stewart, da za a ba kujerar kyaftin? A nan sun yi kuskure, domin Kyaftin Picard, wanda Stewart ya fito a matsayinsa, ya zama ginshiƙin shirin. Amma game da rubutun zangon farko gaskiyarsu ce. Kashi na biyu kwafi ne na wani tsohon labari na 1966. Wanda ya biyo shi, "Code of Honor", ya fi muni. Kumbon ya je neman maganin rigakafi a wata duniya da aka sa baƙaƙen fata zalla suka fito a matsayin mutanenta, da rawuna da wani irin karin harshe na yadda Hollywood ke zaton 'yan Afirka suna magana. Sarkinsu ya sace wata jami'a farar fata don ya aure ta, aka sa ta faɗan mutuwa da uwargidansa. A shirin da ke alfaharin cewa ɗan Adam ya wuce wariyar launin fata! Jonathan Frakes, ɗaya daga cikin manyan jaruman, ya sha fitowa fili yana kiran kashin da aikin wariya. Sai kuma yaron nan Wesley Crusher, wanda Roddenberry ya raɗa wa sunansa na tsakiya, ɗan makaranta da ke warware matsalar da ta gagari manyan injiniyoyi. Masoya suka tsane shi har tsanar ta tsallaka kan Wil Wheaton, yaron da ke fitowa a matsayinsa, wanda bai rubuta ko layi ɗaya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Roddenberry ya kafa doka cewa a ƙarni na 24 mutane sun wuce hassada da kwaɗayi da gāba, saboda haka ma'aikatan kumbon ba za su yi rikici da juna ba. Marubuci kuwa da rikici yake gina labari. Marubuta suka riƙa shigowa suna fita, har da Fontana da David Gerrold, tsofaffin hannu tun zamanin Kirk. Denise Crosby ta nemi a sallame ta tun zango bai ƙare ba saboda ba a ba ta abin yi, aka kashe jarumar da take fitowa a matsayinta. A 1988 ƙungiyar marubutan Amurka ta shiga yajin aiki na kusan wata biyar, aka rage zango na biyu zuwa kashi 22, aka tono wani tsohon rubutu na shekarun 1970 aka buɗe zangon da shi. Da kuɗi suka ƙare kuma, kashin ƙarshe aka kwantar da jarumi guda a gadon asibiti yana mafarkin tsofaffin hotunan da aka riga aka nuna. Mai kallo a gida ragwancin marubuta yake gani. A bayan fage kuwa rashin lokaci ne, da rashin kuɗi, da shugabanci da ya rikice.

Gyaran ya zo a 1989 ta hannun Michael Piller, wanda aka ba shugabancin marubuta a zango na uku. Ya ce kowane labari dole ya taɓa rayuwar ɗaya daga cikin jaruman, baƙon halittar mako ba ta isa ba. Ya kuma yi wani abu da ba a saba yi a Hollywood ba, ya buɗe ƙofa ga kowa ya aiko da rubutu, ko da ba shi da wakili ko sunan da aka sani. A cikin tarin takardun da ya tarar akwai na wani saurayi, Ronald D. Moore, masoyin shirin tun yana yaro, wanda ya miƙa rubutunsa lokacin da ya je yawon ganin wurin ɗaukar fim. Labarin wani yaro ne da uwarsa ta mutu a bakin aiki. Piller ya ba da labarin cewa da farko Roddenberry ya ƙi, wai yaran wancan zamani ba sa makoki. Maimakon ya yi jayayya, sai ya juya labarin ya zama na yaron da aka koya wa danne baƙin ciki, da yadda dannewar ke cinsa. Dokar da ta kori wasu marubuta ita ta ba wannan labari ƙarfinsa. Ta wannan ƙofa René Echevarria ya shigo, daga baya kuma Bryan Fuller. A ganina wannan ce amsa mafi kyau da kamfanin ya taɓa ba masu suka, domin ya ce da su ga fili ga mai doki. A watan Yunin 1990 aka rufe zangon da kama Picard a hannun al'ummar Borg, aka yanke labarin a daidai inda mataimakinsa ya ba da umarnin a harbi kumbon da yake ciki, masoya suka yi wata uku suna ta muhawara.

Ko a shekarun daɗin akwai wata cuta da ta zauna daram. Idan labari ya cije, sai injiniya ya zubo wasu dogayen kalmomin kimiyya marasa ma'ana, ya danna maɓalli, matsala ta kau ana saura minti biyar a tashi. Moore da kansa ya tona asirin daga baya. Ya ce sukan rubuta wata gajeriyar kalma mai nufin fasaha a duk gurbin da ake buƙata, mashawartan kimiyya su cike daga baya. Masoya kuwa sun riga sun gano. A 1993 wani mai suna Phil Farrand ya fitar da littafi sukutum wanda ba abin da ke cikinsa sai kurakuran shirin, kashi bayan kashi, ya kuma sami kasuwa har ya yi wasu.

Deep Space Nine, wanda aka fara a 1993 da Avery Brooks, baƙar fata na farko da ya jagoranci shirin, ya sha suka iri dabam. Aka ce tashar sararin samaniya ce a tsaye ba ta zuwa ko'ina, labarin ya yi duhu, an ci amanar mafarkin Roddenberry, wanda ya rasu a 1991. Marubutan shirin, Ira Steven Behr da abokan aikinsa, ba su saurara ba. Suka shiga dogon yaƙi, har suka nuna kyaftin ɗinsu yana haɗa ƙarya, yana kau da kai daga kisa, don ya jawo wata daula cikin yaƙin. Yau da yawa daga cikin masoyan shi suke ɗauka mafi ingancin rubutu a duk jerin.

Voyager ne ya fi ba masu ƙorafi abin faɗa, domin shi ya yi alkawari da bakinsa. An fara shi a Janairun 1995. Kumbo ne da aka jefa can ƙarshen taurari, tafiyar shekara 75 daga gida, babu tashar gyara, babu mai kawo ɗauki, wani kaso na ma'aikatan kuma 'yan tawaye ne da aka tilasta musu zama da jami'an da suka zo kama su. Cikin 'yan makonni 'yan tawayen suka sa kaki suka zama kamar kowa. A farkon shirin an faɗa ƙarara cewa makamai masu linzami 38 suka rage, kuma babu hanyar samun wasu. Masoya suka ɗauki biro da takarda suna ƙirga, kafin shekara bakwai su cika an harba fiye da ninki biyu na wannan adadi. Ƙananan jiragen kumbon suna tarwatsewa, mako na gaba ga wasu. A 1997 aka yi kashi biyu masu kyau ƙwarai inda kumbon ya shekara yana shan duka har ya zama kango, sai a ƙarshe aka juya lokaci baya, duk abin ya zama bai faru ba. Wannan ɗabi'a ta mayar da komai yadda yake kafin mako na gaba ita ce babban laifin da aka riƙe shirin da shi. Dalilinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Tashar UPN, wadda ta dogara da shirin, tana son kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, don mai kallon da ya tsallake makon jiya kada ya ɓata.

Sai "Threshold", na Janairun 1996, wanda ya zama wa Voyager abin da ƙwaƙwalwar Spock ta zama wa shirin farko. Matuƙin kumbon ya kai gudun da aka ce ba shi da iyaka, ya dawo jikinsa ya fara sauyawa, harshensa ya faɗo, ya sace Kyaftin Janeway, aka same su a wata fadama sun rikiɗe sun zama wasu halittu masu kama da manyan ƙadangarun ruwa, har sun hayayyafa. Likita ya mayar da su mutane, aka bar 'ya'yan a can, ba a sake zancensu ba. Brannon Braga, wanda ya rubuta shi, ya amsa daga baya cewa aikin ya lalace. Duk da haka kashin ya ci lambar yabo ta Emmy, a fannin kwalliya.

Moore ya koma Voyager a 1999 bayan an kammala Deep Space Nine, bai yi nisa ba ya ajiye aikin, ya kuma yi wata doguwar hira inda ya faɗi abin da masoya suka daɗe suna faɗa, cewa kumbon da ya yi shekaru a ɓace bai kamata ya riƙa ƙyalli kamar yau aka ƙera shi ba. Bai tsaya a magana ba. Ya je ya farfaɗo da wani tsohon shirin kumbo mai suna Battlestar Galactica, inda ruwa da mai suke ƙarewa da gaske, ake kuma rubuta adadin mutanen da suka rage a allo, yana raguwa a gaban mai kallo. An yaba masa matuƙa. Amma laifi tudu ne. Da ya zo rufe shirin a 2009 sai ya jingina manyan tambayoyin labarin ga ikon wani ubangiji da mala'iku, ɗaya daga cikin jaruman ta ɓace ɓat ana cikin magana, masoyansa suka yi masa irin ruwan sukar da ya taɓa yi wa wasu.

Shirin Enterprise, wanda aka fara a Satumban 2001, ya koma baya ne zuwa shekara ɗari kafin Kirk, wannan kuwa shiga gonar masu haddar tarihi ne. Suka ga an kawo al'ummomin da bai kamata a haɗu da su ba sai bayan ƙarni biyu, suka ga an mayar da mutanen Vulcan masu girman kai da munafunci. Rick Berman da Braga, waɗanda suka daɗe suna fitar da kashi 26 kowace shekara, su ne suka rubuta kaso mai yawa na farkon shirin, gajiya kuma ta nuna. Masu kallo sun haura miliyan 12 a daren farko, suka yi ta zubewa har suka koma wajen miliyan 3. A zango na huɗu aka ba Manny Coto ragama, wani masoyin shirin tun ƙuruciya, ya shiga ɗinke ɓarakar ɗaya bayan ɗaya, har da bayanin dalilin da ya sa goshin 'yan Klingon na zamanin Kirk yake sumul alhali na baya yana da tudu. Masoya suka fara murna, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Fabrairun 2005 aka soke shirin. An sake gangami, har da alkawarin tara miliyoyin daloli don a biya kuɗin wani zango, kamfanin Paramount ya ce a'a.

Kashin ƙarshe, wanda aka nuna ranar 13 ga Mayu, 2005, Berman da Braga ne suka rubuta shi, a matsayin kyauta ga masoya a cewarsu. Suka mayar da jaruman Enterprise hotunan kwamfuta da wani jarumin The Next Generation yake kallo don ya yanke wata shawara tasa, suka kashe injiniyan da aka fi so a wani ƙaramin artabu da 'yan fashi, jawabin da kyaftin zai yi na kafuwar tarayyar duniyoyi kuma aka yanke kafin ya buɗe baki. Jolene Blalock, ɗaya daga cikin jaruman, ta fito ta yi tir da shi. Bayan shekara biyu aka buga wani littafi da izinin kamfanin, wanda ya ce mutuwar injiniyan ta bogi ce. Braga ma daga baya ya amsa cewa an yi wa jaruman rashin adalci. Da wannan aka rufe shekara 18 da aka yi ana nuna sabon Star Trek babu yankewa.

Sai a Satumban 2017 shirin ya dawo da sunan Discovery, wannan karon a manhajar kallo ta intanet, da kuɗi masu yawa da hotuna irin na silima. A nan dole a rarrabe ƙorafi biyu da suka cakuɗe. Akwai waɗanda tun kafin su ga komai suka fara kumfar baki don an ba mace baƙar fata, Sonequa Martin-Green, jagorancin shirin. Waɗannan ba rubutu ne ya dame su ba, ko da sun fake da shi, kuma sun ɓata wa masu suka ta gaskiya suna. Masu suka ta gaskiyar kuwa suna da hujja. An ce jarumar 'yar riƙon iyayen Spock ce, wadda bai taɓa ambata ba a shekara hamsin. An ba kumbon wani inji mai aiki da ƙwayoyin naman kaza, wanda ke kai shi ko'ina cikin ƙiftawar ido, shekara goma kafin zamanin Kirk. Da tambayoyi suka yi yawa, sai a ƙarshen zango na biyu aka tura kumbon shekara 930 gaba, aka kuma sa doka a cikin labarin cewa duk wanda ya sake ambatonsa ya ci amanar ƙasa. Akwai wata ma'aikaciya, Airiam, da ta yi kusan zango biyu tana zaune a gefe ba a san komai game da ita ba. A kashi guda aka ba da tarihinta, a kashin aka kashe ta, a na gaba aka yi mata doguwar jana'iza ana kuka. A zango na uku aka shafe makonni ana neman abin da ya tarwatsa kumbunan duniyoyi a rana ɗaya, sai ya zamana ihun wani yaro ne da ya ga mutuwar uwarsa.

Nan ma akwai abin da ke ƙarƙashi. Bryan Fuller, wanda ya ƙirƙiri shirin tare da Alex Kurtzman, ya tafi tun kafin a fara nunawa, an kuma sallami mutum biyun da suka gaje shi a 2018 ana tsakiyar aikin zango na biyu. Sannan tsarin kansa ya sauya. A da, in kashi ɗaya cikin 26 ya lalace, mako na gaba an wuce wurin, akwai kuma sararin da za a ba ƙaramin jarumi labarinsa. Yanzu zango labari ɗaya ne mai kashi goma ko goma sha 'yan kai, in ƙarshensa ya rushe ya tafi da duka. Mai bin shirye-shiryenmu masu dogon zango irin su Labarina ya san yadda rai ke ɓaci idan an ja mutum watanni sannan aka warware ƙullin da abin da bai taka kara ya karya ba. Shirin Picard, wanda ya dawo da Patrick Stewart a 2020, ya nuna cewa suna ba ya magani, domin Michael Chabon, mai lambar yabo ta Pulitzer, shi ya jagoranci zangon farko, amma aka ƙare da kashe tsohon kyaftin aka zuba tunaninsa a jikin roba, daga baya kuma da ƙyar ake tuna an yi hakan. Zango na uku, na Terry Matalas a 2023, ya tattaro tsofaffin jarumai a tsohon kumbonsu, masoya suka yi ta tafi. Ni dai ban ga ƙullin labarinsa ya fi na baya ƙarfi sosai ba, sai dai an ba mutane fuskokin da suke kewa. Kowa ya tuna bara, in ji masu iya magana, bai ji daɗin bana ba.

Kamfanin ya saurari wani ɓangare na kukan. Anson Mount ya burge masu kallo da fitowarsa a matsayin Kyaftin Pike a Discovery, suka yi ta kira a ba shi shirinsa, aka kuma ba shi. Strange New Worlds ya fara a 2022, ya koma tsohon salo na labari ɗaya kowane mako, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Shirin zane na barkwanci, Lower Decks, wanda Mike McMahan ya yi daga 2020 zuwa 2024, ya mayar da tsofaffin kurakuran abin dariya, masu sukar da waɗanda ake suka suna dariyar tare. Fim ɗin Section 31 na Janairun 2025 kuwa, duk da Michelle Yeoh na ciki, masu sharhi da masoya sun haɗu a kan cewa bai yi ba. Shi ma Strange New Worlds, bayan kashin da aka yi da waƙe-waƙe a 2023 da wasu na raha da suka biyo baya, an fara cewa wasa ya yi yawa, binciken sababbin duniyoyi ya yi kaɗan. A 2025 Paramount ta sanar cewa zango na biyar ne zai zama na ƙarshe, kuma kashi shida kawai za a yi.